Robar hannun babur: Ɗan hakin da muka raina

A daminar da ta wuce, wata safiya bayan ruwa ya ɗauke, na goyo 'yata a babur zan kai ta makaranta. Gab da shataletale na karkata domin kauce wa wani rami, sai robar hannun hagu ta sulluɓe ta biyo tafina, ta bar ƙarfe tsirara. Kan babur ya yi rawa, na dire ƙafa a ƙasa, yarinya ta ƙanƙame ni tana salati. Allah Ya taƙaita, ba gudu nake yi ba. Da a babban titi ne, da wataƙila ba ni ne mai rubuta muku wannan ba.

Robar nan ba ta cika mako biyu a jikin babur ba. Na saye ta ne domin ƙyalƙyalinta, ban tambayi awo ba, ban matsa ta da yatsa ba. Yaron da ya saka min kuwa, da ta ƙi shiga, sai ya lakato baƙin mai ya shafa wa ƙarfen, ta wuce sumul, har na yaba wa dabararsa. Da na kai wa wani dattijon bakanike, ya shinshina cikinta ya ce, "Malam, abin da ya shiga da mai, da mai zai fita."

Tun daga ranar na lura da abin da ban taɓa kulawa da shi ba. Totur da birkin gaba suna hannun dama, kuloci yana hagu, juya kan babur kuma aikin hannayen biyu ne. Kusan duk umarnin da mahayi ke bai wa babur ta kan 'yar robar nan yake bi. Ga abin da na koya, ko zai amfani wani.

A fara da awo. Baburan da suka fi yawa a titunanmu, irin su Boxer da Jincheng, kaurin ƙarfen hannunsu milimita 22 ne. Akwai manyan babura irin Harley-Davidson na Amurka masu inci ɗaya, wato milimita 25 da ɗoriya, kuma robarsu takan yi wa namu yawa. Sannan robobin biyu ba ɗaya ba ne: ramin ta dama ya fi faɗi, domin a kan bututun totur take zama. Wanda ya saka ta dama a hagu ya ɗaura wa kansa tarko. A duba tsawo kuma, a duba ko ƙarshenta rufe yake ko buɗe, saboda wasu baburan suna da ɗan ƙarfe mai nauyi a bakin hannu da ke rage girgiza. Mafi sauƙi shi ne mutum ya tafi kasuwa da baburinsa, ko da tsohuwar robar a aljihu.

Bayan awo sai irin robar. Mai tauri tana daɗewa, amma tana miƙa wa hannu girgizar inji yadda take, shi ya sa ɗan acaɓan da ya yini a hanya kan ji yatsunsa sun yi sanyi kamar ba nasa ba. Mai laushi ta fi kama tafi, ta fi tausaya wa hannu, sai dai tana saurin cinyewa, mara kyau daga cikinta kuma takan yi danƙo idan rana ta dake ta. Ta soso tana da daɗin riƙo, amma tana shan ruwa da gumi. Mai adon ƙarfe kuwa, wadda samari suka fi so, ajiye babur a rana ta bazara na awa ɗaya ya isa ya nuna illarta. Ga zafi, ga santsi idan hannu ya jiƙe. A nemi mai zane ko ƙurji a jiki, a riƙe ta a ji: idan ta yi kauri har yatsu ba sa kai wa birki cikin sauƙi, ba taka ba ce.

Sakawa ita ce inda ni na faɗi. A goge ƙarfen tas, kada mai ko giris su kusance shi. Ɗan ruwan sabulu ya wadatar, muddin za a bar shi ya bushe sarai kafin a hau, ko a sa gam kaɗan, a kiyaye kada ya malala cikin totur. Idan an gama, kafin a tayar da inji, a murɗa totur a saki: dole ya koma da kansa nan take, ko kan babur yana miƙe, ko an karya shi dama ko hagu. Totur da ya maƙale a tsakiyar kasuwa ba ya jiran a yi shawara. Ta hagu kuma a murɗa ta da ƙarfi. In ta motsa, aiki bai ƙare ba.

Muna kashe kuɗi a kan fitilun ado da sitika da hon mai firgita unguwa, amma wurin da hannunmu ke kwana sai mu nemi mafi araha, alhali Bahaushe ya riga ya ce araha ba ta ado. Mai babur, yau kafin ka fita, murɗa robobin nan biyu ka ji. Mai hawa acaɓa, in ka ga an ɗaure robar da tsumma ko leda, ba laifi ba ne ka jira na baya.

Allah Ya kiyaye mana hanya. Sai mako mai zuwa, idan Mai duka Ya kai mu.