Kuɗin Citta da Karatun Waje

Kwanakin baya wani maƙwabcinmu ya zo rumfar Baba neman shawara, wai zai sayar da buhunan cittar da ya ajiye ya tura ɗansa karatu ƙasar waje. Ni dai sakandare na tsaya, amma na taso cikin lissafin kasuwa, kuma a ganina kada ya yi.

Can da dala ake biyan kuɗin makaranta, mu kuwa a Kachia naira muke samu, ita ma sai citta ta yi albarka. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a banki, a 2024 ta haura 1,500. A daminar 2023 ɗin kuma cuta ta cinye citta a Kachia da Jaba da Kagarko. Wanda ya tura yaro a lokacin, yaya ya ƙare? Kuɗin shekarar farko kowa na iya haɗawa, ta uku ce ke kunyata uba.

Sudan ma da muke ganin sauƙinta, yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, aka kwaso ɗalibanmu a motoci zuwa iyakar Masar.

In yaro ya samu cikakken tallafi irin na Jami'ar Musulunci ta Madina, mai masauki da alawus da tikitin jirgi, to ya tafi, Allah ya ba da sa'a. In babu, ga jami'ar tarayya da aka kafa nan Kachia a 2025. Na san wasunmu na fargabar batun takardar indijin. To, a bari yaron ya rubuta JAMB tukuna mu gani.