Da Tsohuwar Zuma Ake Magani, Amma Ban Da Tsohuwar PHP

Da MySQL 8.0 ta fito a 2018, ta sauya hanyar tantance kalmar sirri zuwa caching_sha2_password. PHP 5.6 ba ta san wannan hanya ba, don haka rumbun bayanai yakan ƙi karɓar shafukan da aka gina da ita. Masu kula da shafuka da dama sai su mayar da rumbun kan tsohuwar hanya, mysql_native_password, wadda ta dogara da SHA-1 mai rauni. Shafi ya dawo aiki, hankalin kowa ya kwanta.

Sai dai wannan dabara bashi ce, kuma lokacin biya ya yi. Tun ƙarshen 2018 aka daina toshe ɓarakar tsaro a PHP 5.6. A 2024, MySQL 8.4 ta zo da tsohuwar hanyar a kashe, sannan 9.0 ta cire ta ɗungurungum.

Duk makaranta ko asibitin da ke ajiye bayanan jama'a a irin wannan shafi, wajibi ne ya ware kuɗin sabunta shi: a koma PHP 8, a maye gurbin mysql_connect da PDO ko mysqli. Domin idan bayanan suka fita, ɗalibi da majinyaci ne za su ɗanɗana kuɗarsu.