Kare A Cikin Keji

A ƙasar Ingila mutane da yawa suna kiwon kare a cikin ɗakunansu, in tafiya ta kama su kuma su tafi da shi a mota. Littafin ƙa'idodin hanya na ƙasar, a ƙa'ida ta 57, ya umurci direba ya tsare karensa sosai, don kada ya ɗauke masa hankali, ko ya ji ciwo in an taka burki farat ɗaya. Saboda haka sukan sa shi a keji.

To, ga abin mamaki. Kare mai lafiya, wanda yara ke wasa da shi a tsakar gida, da an rufe shi sai ya zama kamar wani dabam. In ya hango mutum ko ɗan'uwansa kare, sai haushi, da gurnani, da cizon ƙarfen keji. Wani har haƙorinsa kan karye. Waɗansu mutane su kan ce mugunta ce, su ɗauko sanda. Waɗannan sun yi kuskure babba.

Al'adar kare ita ce, in ya ga baƙon abu ya je ya shinshina shi. Keji ya hana shi zuwa, ya kuma hana shi gudu. Takaici ke nan. In ya yi haushi mai wucewa ya wuce abinsa, sai kare ya zaci haushinsa ne ya kore shi, gobe ya ƙara. A mota abin ya fi tsanani, gama kome ya gani ta taga nan da nan ya ɓace. Duka kuwa ba ya koya masa kome sai dai cewa ganin baƙo shi ke jawo sanda, sai ƙiyayyarsa ta ƙaru.

Wani masani na ƙasar Rasha, Ivan Pavlov, wanda ya rasu a shekara ta 1936, ya nuna cewa in ana yin wata ƙara kullum kafin a ba kare abinci, a kwana a tashi ƙarar kaɗai za ta sa yawunsa ya zubo. Wannan ita ce dabarar da masu horon kare ke bi. Da fari a riƙa ba shi abinci a cikin kejin, ƙofa a buɗe. Bayan 'yan kwanaki a rufe kaɗan, a buɗe tun bai damu ba, a riƙa ƙara lokacin sannu sannu. Sa'an nan wani ya gifta daga nesa, mai kare ya miƙa masa 'yar tsokar nama kafin ya buɗe baki. In ya yi haushi, an matso da wuri ke nan, sai a ja da baya. Haka kuma mota: a fara tana tsaye, sa'an nan a ta da inji, sa'an nan gajeriyar tafiya. Rufa kejin da mayafi mara nauyi yana taimako, muddin iska na shiga.

Amma fa horo ba ya gyara zalunci. Lalle keji ya zama da faɗin da kare zai miƙe tsaye, ya juya, ya kwanta, kuma kada ya wuni a ciki. Ba a barinsa a rufaffiyar mota cikin rana, domin ba ya gumi kamar mutum, da haki yake rage zafin jikinsa, zafi kuwa na iya kashe shi.

Karen da aka ɗaure da sarƙa a ƙofar gida a Kano ko Zariya, irin wannan takaici ne ke damunsa. Yaron da ya tsaya yana tsokanarsa da kara, yana dariya don ya ga sarƙa ta riƙe shi, shi ke koya masa ƙin yara. Ran da sarƙar ta tsinke, mai yiwuwa ne ƙaramin yaron da bai taɓa tsokanarsa ba shi zai sha cizon.