Dillalin Da Ke Ɓoye La'adarsa

A zamanin nan an sami wata sana'a wadda kakanni ba su san ta ba. Mutum ya zauna a ɗakinsa da wayar hannu, ya yi rubutu, ko ya zana hoto, ko ya ɗauki majigin kansa yana magana, ya sa a intanet jama'a su gani. Cikin masu wannan sana'a akwai waɗanda ba a biyansu da naira ko dala, sai da kuɗin kirifto, watau sulallan da ba a taɓa su da hannu, ba gwamnatin da ta buga su, lissafi ne kurum cikin kwamfutoci masu yawa. Na farinsu shi ne Bitcoin, wanda ya fito a 2009. Masu yabon abin suna cewa wai ta nan ne mai fasaha ya sami 'yancin kansa, ba ruwansa da banki, ba ruwansa da ubangida. Maganar tana da daɗin ji, amma kafin a amince da ita ya kamata a tambaya: kuɗin nan daga aljihun wa suke fitowa?

Akwai hanya guda wadda ba ta da aibu, ita ce kyauta. Wanda ya ji daɗin aikin wani sai ya aika masa da ɗan abin da ya sawwaƙa, kamar yadda akan yi wa makaɗi liƙi a wurin biki. Dandalin Twitter ya buɗe wannan ƙofa da Bitcoin a watan Satumba 2021. Sai dai makaɗi ya san abin da liƙinsa zai saya gobe, shi kuwa wannan bai sani ba. A Nuwamba 2021 Bitcoin guda ya kai wajen dala 69,000, da shekara ta kewayo ya faɗi ƙasa da 16,000. Wanda ya ajiye kuɗin buhu huɗu na gero, ya wayi gari ba su kai na buhu ɗaya ba. Gaskiya ne ya sake hawa har ya wuce dala 100,000 a Disamba 2024, amma magidanci ba ya ce wa iyalinsa su dakata da tuwo shekara biyu.

Wasu dandamali su ke buga sulallan kansu su raba wa marubuta. Steemit, wanda aka kafa a 2016, yakan biya mutum gwargwadon ƙuri'un da rubutunsa ya samu. To, amma ƙuri'un ba nauyinsu ɗaya ba, wanda ya fi tara sulalla shi ya fi nauyin ƙuri'a, saboda haka marubuci ya koma neman yardar attajirai. A 2020 wani ɗan kasuwa, Justin Sun, ya saye kamfanin, rigima ta tashi, jama'a da yawa suka yi ƙaura suka kafa nasu mai suna Hive. Ashe ubangidan da aka ce an rabu da shi riga kurum ya sake.

Sa'an nan ga cinikin takardun shaida da ake kira NFT, inda mai zane ke sayar da shaidar mallakar hotonsa, hoton kuwa kowa yana iya kallonsa kyauta. A watan Maris 2021 an yi gwanjon aikin wani Ba'amurke da ake kira Beeple a gidan Christie's kan dala miliyan 69. Labarin nan shi ake ta maimaita wa samari. Wanda ba a cika faɗa musu ba shi ne na saƙon farko da Jack Dorsey ya rubuta a Twitter, wanda aka saya dala miliyan 2.9 cikin wannan wata. Da mai shi ya kai shi gwanjo a Afrilu 2022, wa'adi ya cika tayin bai wuce dala 280 ba. Kayan da darajarsa ta dogara ga zuwan wani mai saye a baya, ranar da na baya bai zo ba, ranar ciniki ya mutu.

Duk waɗannan da sauƙi. Babban laifi yana wurin masu talla a ɓoye, kuma da yawa cikin masu tara mabiya ta nan kuɗinsu ke shigowa. Kowa ya san dillali a kara. Yana yabon sa, mai saye ya san la'ada yake nema, sai ya rage wa yabon gishiri, ya duba haƙori da kofato da idonsa. Amma wanda ke magana a intanet kamar aboki, yana rantsuwa cewa sule kaza zai ninka goma, alhali an biya shi, ko an ba shi sulallan tun suna arha domin ya sayar sa'ad da mabiyansa suka yi rububin saye, wannan ba dillali ba ne, macuci ne. Ribarsa ita ce hasararsu, kwabo da kwabo. A Oktoba 2022 hukumar kula da hannayen jari ta Amurka ta sa Kim Kardashian ta biya dala miliyan 1.26, domin ta tallata wani sule mai suna EthereumMax ba ta bayyana cewa dala 250,000 aka ba ta ba. Ita abin bai girgiza ta ba. Waɗanda suka saya bisa maganarta su aka bari da sulen da ya zube.

Kada mai karatu ya zaci abin na Turawa ne kaɗai. A 2024 wasan Hamster Kombat na Telegram ya cika garuruwan Arewa, samari da matan aure suna ta danna waya dare da rana. Wanda ya jawo wasu suka shiga ta hannunsa ana ƙara masa maki, don haka masu tarin mabiya suka fi kowa zuga jama'a. Har wa yau ana ba da maki ga wanda ya kalli majigin kamfanin a YouTube, watau idon masu wasan shi ne hajar da ake sayarwa. Da sulen ya fito ranar 26 ga Satumba 2024, mutane da yawa abin da suka samu bai wuce 'yan daloli ba, bayan watanni suna sayen data da cajin waya.

Masu kare wannan ɗabi'a sukan ce ai ba wanda aka tilasta wa. Haka ne, mai sayen hatsi ma ba a tilasta masa, duk da haka hukuma ba ta ƙyale mai tauye mudu. Ƙasar Faransa ta kafa doka a watan Yuni 2023 wadda ta wajabta wa masu irin wannan sana'a su rubuta a fili cewa talla suke yi, ta kuma hana su tallata kirifto sai na kamfanin da ya yi rajista da hukuma. Wanda ya saɓa yana iya fuskantar tara da ɗauri.