Ra'ayinmu: Muƙami Rigar Aro Ce

Duk lokacin da aka naɗa wani ɗan ikkilisiya a babban muƙami, sai mu cika majami'a da kiɗa da godiya. Wannan ba laifi ba ne. Amma kafin a buga ganga, ya kamata mu tuna da marigayi Farfesa Ishaya Audu, mu ga yadda ake riƙon muƙami da yadda ake sakinsa.

An haife shi a Anchau, ya yi makarantar mishan ta Wusasa, ya wuce Ibadan da Ingila, ya komo ƙwararren likitan yara. Sardaunan Sakkwato, Sa Ahmadu Bello, ya ɗauke shi likitansa. Jama'a, a lura da wannan: Firimiya Musulmi ya damƙa lafiyar jikinsa a hannun Kirista. Ba roƙo ya jawo haka ba, gwaninta ce da amana.

A 1966 ya zama ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, bayan Bature Norman Alexander. Shekara ce mai ɗaci. An kashe Sardauna a watan Janairu, tarzoma ta ci rayuka a garuruwan Arewa, sannan yaƙin basasa ya ɓarke a 1967. Jami'ar kuwa shekararta huɗu kacal da kafuwa. Duk da haka ya riƙe ta har 1975, ba a rushe ba, sai ma ƙaruwa. A zamaninsa aka buɗe sashen koyon aikin likita, inda 'ya'yan Musulmi da na Kirista suka zauna aji ɗaya.

A 1979 ya tsaya takarar mataimakin shugaban ƙasa tare da Dokta Nnamdi Azikiwe, daga baya ya zama ministan harkokin waje a gwamnatin Shehu Shagari. Da soja suka yi juyin mulki a ƙarshen 1983, yana cikin waɗanda aka tsare.

To, abin da ya fi jan hankalinmu shi ne abin da ya biyo baya. Da aka sake shi, ya koma Samaru yana duba marasa lafiya a asibitinsa, yana kuma hidimar bishara, kafin rasuwarsa a 2005. Wanda ya zauna da shugabannin duniya bai ji kunyar sunkuyawa ya duba yaro mai zazzaɓi ba.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwanmu masu riƙe da ofisoshi, su san rigar aro suka sa. Ku tambayi kanku: ran da aka karɓe ta, da wane aiki za ku koma cikin jama'a, kuma da wace fuska?

Mu ma iyaye da dattawan ikkilisiya akwai namu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Idan muna son wani Ishaya Audu, sai mu biya kuɗin makarantar yaranmu, har da marayun da ke cikinmu, mu kuma daina auna manyanmu da yawan baikon da suka kawo.

Ubangiji ya ba mu shugabanni masu riƙon amana, amin.