Tafkin Biktoriya: ba giwan ruwa kaɗai ke shafe kifaye ba

Tafkin Biktoriya, wanda ƙasashen Tanzaniya da Uganda da Kenya ke kewaye da shi, ya taɓa ɗaukar nau'i kusan 500 na ƙananan kifaye dangin karfasa, waɗanda babu irinsu a ko'ina. Binciken ƙwayoyin gado ya nuna cewa sun rarrabu ne cikin kimanin shekara 15,000, daga kakannin da suka haɗa jinin kifayen kogin Kwango da na Nilu. Kowane nau'i da siffarsa: wani haƙoransa na kankare gansakuka ne, wani kuma na fasa katantanwa.

A shekarun 1950, zamanin mulkin mallakar Birtaniya, aka zuba giwan ruwa a tafkin. Da ya yawaita a shekarun 1980, an ƙiyasta cewa nau'i kusan 200 sun ɓace.

Sai dai akwai wata ɓarnar da ba a cika ambata ba. Macen kifin tana zaɓar namiji ne ta launinsa. Yayin da ƙazantar birane irin su Kisumu da Mwanza da zaizayar gonaki suka dagula ruwan, sai ta kasa bambance ja da shuɗi, nau'i biyu su cakuɗa su koma ɗaya.

Hankalin gwamnatocin uku ya fi karkata ga giwan ruwa, saboda kuɗin da sayar da shi a Turai ke kawowa. Amma ƙwace haramtattun raga ba zai tsaftace ruwa ba. Muddin ba a tace dattin birane an kuma kare fadamun bakin tafkin ba, sauran nau'ukan za su ci gaba da salwanta.