Daga gaban kyamara zuwa kujerar hukuma: jarrabawar da ke jiran jaruman Kannywood

A farkon shekarun 1950, lokacin da aka buɗe sinimar Palace a Jakara, daura da Kasuwar Kurmi, yawancin dattawan cikin birnin Kano na ganin shiga sinima abin kunya ne ga ɗan mutunci. Gobarar sinimar El-Duniya ta 1951, wadda ta hallaka mutane fiye da 300, ta ƙara wa masu wannan ra'ayi hujja, kuma daga baya aka mayar da ginin Palace asibiti. Kimanin shekara saba'in bayan haka, 'yan fim biyu ne aka ɗora a kan hukumomin da makomar sana'ar ke hannunsu.

A 2023 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya naɗa jarumi Abba El-Mustapha shugaban Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta Jihar Kano. A watan Janairun 2024 kuma Shugaba Bola Tinubu ya naɗa Ali Nuhu shugaban Hukumar Fina-finai ta Najeriya, wadda aka kafa a 1979, mai hedikwata a Jos. 'Yan masana'antar sun yi murna, domin a ganinsu na gida ya samu shiga. Sai dai abin da ya faru a Koriya ta Kudu ya nuna cewa wannan murna tana buƙatar taka-tsantsan.

Yu In-chon, wanda aka haifa a 1951, ya yi suna ne a wasan talabijin na Jeonwon Ilgi, labarin rayuwar ƙauye da tashar MBC ta nuna daga 1980 zuwa 2002. Ya kusanci Lee Myung-bak tun yana magajin garin Seoul, kuma da Lee ya zama shugaban ƙasa a 2008 sai ya ba shi ministan al'adu, wasanni da yawon buɗe ido, muƙamin da ya riƙe har 2011. Shugaba Yoon Suk Yeol ya sake dawo da shi kujerar a watan Oktoban 2023. Duk da sanin ciki da wajen sana'ar, abin da abokan aikinsa da dama suka fi tunawa da zangonsa na farko shi ne zargin matsa wa shugabannin cibiyoyin al'adu da gwamnatin baya ta naɗa su ajiye aiki, da kuma zargin ware masu fasahar da ke sukar gwamnati. Ya musanta cewa an yi jerin sunayen waɗanda za a ware a zamaninsa, amma zargin ya bi shi har gaban majalisa lokacin tantance shi karo na biyu.

Darasin a bayyane yake: jarumin da ya hau kujera ya zama ma'aikacin wanda ya naɗa shi, kuma ranar da muradin gwamnati ya ci karo da na abokan sana'a ne ake gane inda ya dosa. Bunƙasar fina-finan Koriya, har fim ɗin Parasite ya lashe babbar kyautar Oscar a 2020, ta samo asali ne daga tsarin da aka ɗora tun ƙarshen shekarun 1990, zamanin Shugaba Kim Dae-jung, na zuba kuɗi da horar da ma'aikata tare da sassauta takunkumi.

A Kano, tarihin hukumar tacewa ya sa batun ya fi nauyi. An kafa ta a 2001 bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci, kuma a zamanin Abubakar Rabo Abdulkarim an ɗaure Adam A. Zango a 2007, sannan Rabilu Musa Ibro da Hamisu Lamiɗo Iyantama a 2008. Zuwan ɗan fim kan kujerar bai kawar da saɓani ba. El-Mustapha ya soke lasisin 'yan masana'antar domin a sake rajista jim kaɗan bayan hawansa, a watan Mayun 2025 kuma hukumar ta dakatar da fina-finai masu dogon zango 22, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa, bisa rashin miƙa su a tace. Masu goyon bayansa na cewa doka ce yake aiwatarwa, kuma iyaye a unguwanni irin su Yakasai da Mandawari na da haƙƙin a kula da abin da 'ya'yansu ke kallo a waya. Masu suka kuwa na cewa tsawatarwa ta yi wa tallafi nisa.

Aikin Ali Nuhu na ginawa ne, kuma a nan ma akwai tabo. A 2016 gwamnatin Muhammadu Buhari ta janye shirin gina ƙauyen fim na naira biliyan 3 a Kofa, ƙaramar hukumar Bebeji, bayan malamai da jama'a sun nuna adawa. Tun daga lokacin kasuwar faifai ta mutu, satar fasaha ta durƙusar da furodusoshi da dama, sana'ar ta koma dogaro da YouTube da tashoshi irin su Arewa24. Matasa masu ɗaukar hoto, tace sauti da rubuta labari na buƙatar jari, horo da kariyar haƙƙin mallaka.

Saboda haka ma'aunin da ya dace a auna mutanen biyu da shi a fili yake: ƙa'idojin tacewa rubutattu da kowa ya sani, damar ɗaukaka ƙara ga wanda aka hukunta, rabon tallafi ba tare da duba jam'iyya ko ɓangare ba, da zama da malamai da masu unguwanni kafin a fara kowane babban aiki, domin kada a maimaita abin da ya faru a Kofa. Wa'adin muƙami gajere ne, kuma dukansu biyu cikin mutanen da suke yi wa hukunci a yau za su koma.